Baƙon da ya biya kuɗin kwana, shin har yanzu baƙo ne?

 

A wannan fitowa muna son mu yi nazari a kan wata sana'a da ta yaɗu a manyan birane, har da Yamai: mutum ya gyara ɗaki ko gida, ya zuba gado da kujeru da kayan girki, ya riƙa ba da shi haya na kwana biyu, ko mako, ko wata guda. Sana'ar ta sami sabon ƙarfi tun shekarar 2007, lokacin da wasu samari biyu a birnin San Faransisko na Amurka suka shimfiɗa katifun iska a gidansu, suka sauke mutum uku da suka zo wani taro suka rasa ɗaki a otel. Daga nan ne aka kafa kamfanin Airbnb a 2008.

Mutane sun kasu biyu a kan al'amarin. Wasu na ganin karɓar kuɗi daga hannun matafiyi abin kunya ne ga ɗan Musulmi. Wasu kuwa na ganin da zarar kuɗi ya shiga, zancen baƙunci ya fita, saura ciniki tsantsa. Mu a ganinmu kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya ya saki rabi.

Liyafa da haya

Liyafa ita ce sauke baƙo don Allah. Ya inganta a cikin Buhari da Muslim cewa haƙƙinta kwana uku ne, abin da ya wuce nan sadaka ne, kuma bai halatta ga baƙo ya zarce da zama har ya ƙuntata wa mai gida ba. Malamai sun saɓa a kan hukuncinta. Laisu ɗan Sa'adu ya ga wajibi ce, mafi yawa kuwa suka ga tana cikin kyawawan ɗabi'u masu ƙarfi. An ruwaito daga Imamu Malik cewa ba a ɗora ta a kan mutanen birni ba, Sahnunu kuma ya bayyana dalili: a birni matafiyi yana samun masaukin biya, a ƙauye kuwa ba ya samu. Ashe ke nan magabatanmu sun san masaukin biya, har sun gina hukunci a kan samuwarsa. Saboda haka wanda ya gina ɗaki da guminsa ya ba da shi haya bai yi abin zargi ba.

Haya kuwa ƙulla alkawari ne, tana da sharuɗɗa. Ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid ya san cewa ingancinta yana rataye da sanin lokaci da sanin farashi. To amma sharaɗin ciniki shi ne mafi ƙarancin abin da ake binmu. Wanda ya kwana a ƙarƙashin rufinmu ya miƙa mana barcinsa da dukiyarsa da sirrinsa, kuma waɗannan ba su shiga cikin lissafin kuɗin kwana ba. Kuɗin da ya biya na ɗaki ne. Amincin da yake bukata haƙƙi ne da ya hau kanmu tun sa'ar da muka miƙa masa mabuɗi.

Kakanninmu sun fahimci wannan. A zangon Salaga da na Kumasi, da Sabo ta Ibadan, fatoma shi ke sauke fataken goro da na shanu. Yakan ba su makwanci, ya ajiye musu kaya, ya nemo musu mai saye, ya tsaya musu idan an yi ciniki bashi, sannan ya sami ladarsa. Yana cin riba, amma jarinsa na gaskiya sunansa ne. Fatoman da ya ci amanar falke ɗaya, labarinsa kan riga shi isa kowane zango.

Abin da ke kan mai masauki

Na farko, gaskiya wajen siffanta gida. Mai neman masauki a yau yakan biya tun bai ga ɗakin ba, hoto da bayani kawai ya dogara da su. Idan kuran na yawan ɗaukewa a unguwar, ko ruwan famfo ba ya zuwa sai da dare, ko akwai injin niƙa a bayan katanga, wajibi ne a faɗa masa. Mun san ƙissar mai sayar da abinci wanda ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙarƙashin busasshe, da yadda Manzon Allah (SAW) ya cusa hannunsa ya tono shi, ya kira aikin algus. Hoton da aka ɗauka ta gefen da zai ɓoye tsagewar bango ɗan'uwan wancan tarin abinci ne. Haka kuma duk kuɗin da za a nema, na shara ne ko na kuran, a ambace shi tun kafin a karɓi kafin alƙalami.

Na biyu, kyakkyawar tarba. Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Ibrahim (AS) a cikin Suratu Hudu da Suratuz Zariyati, yadda ya gaggauta kawo wa baƙinsa gasasshen ɗan maraƙi. Darasin da ke ciki shi ne gaggawa da rashin jiran a roƙa. A wanke zanen gado, a share makewayi, a aje ruwan sha da buta da tabarmar salla, a nuna alƙibla, a faɗi inda masallaci da kasuwa da likita suke. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Sun kuma ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Na uku, kiyaye sirri. Daga ranar da haya ta ƙullu, amfanin ɗakin ya koma hannun wanda ya biya. Umurnin neman izini da ke cikin Suratun Nur ya hau kan mai gidan kansa, ko da mabuɗi na biyu yana aljihunsa. Dasa kyamara a ɓoye kuwa leƙen asiri ne wanda Suratul Hujurati ta hana. Shi kansa kamfanin Airbnb ya haramta kyamarar tsaro a cikin ɗakunan haya daga ranar 30 ga Afrilu 2024. Abin kunya ne a ce dokar kamfani ta fi tsoron Allah tasiri a zukatanmu.

Na huɗu, adalci idan wani abu ya lalace. A mazhabar Malikiyya mai haya amintacce ne: ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai idan ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Fankar da ta tsufa ta mutu a daren baƙo, asarar mai gida ce. Abin da baƙo ya manta a ɗaki kuwa amana ne, sai a neme shi a mayar masa.

Wata matsala mai wuya

Mai tambaya zai ce: in an hana mu bincike, yaya za mu tsare gidajenmu daga zama matattarar fasadi? Tambaya ce mai nauyi. Bai halatta mutum ya ba da gidansa ga wanda ya san saɓo zai yi a ciki ba, kuma kuɗin irin wannan haya ba shi da albarka. Amma sani daban, zato daban. Hanyar tsira ita ce a bayyana ƙa'idodin gida a fili tun farko: mutum nawa za su kwana, wa zai iya shigowa, me aka hana. Wanda ya yarda ya shiga a kan sharaɗi. In ɓarna ta bayyana, a sallame shi cikin mutunci. In ba ta bayyana ba, ba a ɗora mana leƙen tagogi ba.

Maƙwabci ma yana da haƙƙi a nan, domin baƙo raɓa ne, maƙwabci kuwa yana nan. Shi ke jin hayaniyar dare, shi ne kuma kuɗin haya ke hawa a kansa idan masu gidaje suka kori mazauna don neman ribar kwana-kwana. Wannan ya sa birnin Niyok ya tsananta dokarsa a Satumba 2023, ya sa hukumar Barsalona ta sanar a Yuni 2024 cewa za ta kawo ƙarshen izinin gidaje kimanin 10,000 na ƴan yawon buɗe ido nan da Nuwamba 2028. Wanda zai fitar da magidanci mai iyali don ya sauke baƙin mako, ya tsaya ya auna wannan riba da ma'aunin lahira.

Harshen masu masauki a tsakaninsu

Masu sana'a ɗaya sukan haɗu su yi shawara, kuma hakan alheri ne: tsohon hannu ya koya wa sabo ba tare da wulaƙanci ba, wanda ɗakunansa suka cika ya tura baƙo wurin ɗan'uwansa, kowa ya nisanci zuga baƙon wani ya baro shi bayan sun daidaita. Amma a irin wannan zama ne Shaiɗan kan shigo ta ƙofar hira. Wane ƙazami ne, wance ga abin da aka gani a kayanta, mutanen gari kaza kada a ba su ɗaki. Baƙon da ake cin namansa ya riga ya tafi, ba shi da bakin kare kansa.

Imamu Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ke halatta, daga cikinsu akwai gargaɗin Musulmi daga cuta. Saboda haka wanda ya gudu da kuɗi ko ya yi sata, halal ne a faɗakar da ƴan'uwa game da shi, da sharaɗin a faɗi abin da aka tabbatar, gwargwadon bukata, ga wanda abin ya shafa, da niyyar nasiha. Abin da ya shafi iyalinsa, ko ciwonsa, ko talaucinsa, wannan sirrin gida ne, a binne shi. Yi wa ƙabila ko gari kuɗin goro saboda laifin mutum ɗaya zalunci ne. Haka nan shaidar da ake ba baƙo ko mai masauki bayan rabuwa, shaida ce kamar kowace: ƙara gishiri don ramuwa zur ne, sayen yabo ma zur ne.

Amsarmu ga tambayar da muka faro da ita ke nan: wanda ya biya ba ya bin mu ciyarwar kwana uku, amma yana bin mu gaskiya da sutura da aminci, yana ɗakinmu da bayan tafiyarsa. Kuɗinsa halal ne gare mu matuƙar mun cika masa waɗannan. Shi ma baƙo ya sani ɗakin amana ne a hannunsa, ya bar shi yadda zai so a bar masa nasa.

Allah ya tsarkake mana abin da muke ci, ya kiyaye harsunanmu daga mutuncin bayinsa, ya mai da kowane matafiyi ga iyalinsa lafiya. Amin.