Kalmar "Dawn" da Alfijir Biyu

Godiya ta tabbata ga Allah mai keto asuba daga duhun dare. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, cikin azumi wani ɗalibi a nan Nasarawa Burkullu ya miƙo mini wayarsa, ya nuna kalmar "dawn" da lokaci a gefenta, ya ce, "Malam, ashe ladaninmu garaje yake yi wajen tsayar mana da sahur?" Na ce masa ya zauna.

Ka sani, ɗan'uwa, wannan kalma tushenta ɗaya da "day", wato yini, kuma tana nufin hasken da ke gabatar fitowar rana. Sai dai masana taurari sun kasa shi uku: lokacin da rana ke digiri 18 ƙasa da gefen sama, da 12, da 6. Na ƙarshen nan shi manhajojin yanayi suka fi nunawa, alhali a sa'ilin gari ya waye, har kana shaida mai tahowa daga nesa. Tsakaninsa da na digiri 18, wanda yawancin jadawalin salla ke bi, akwai kusan minti 50 a ƙasarmu.

Bahaushe bai taɓa cakuɗa waɗannan lokuta ba: assalatu daban, asuba daban, sassafe daban, balle hantsi. Malaman fiƙihu kuma suka ƙara tsefewa, suka ce alfijir biyu ne. Akwai maƙaryaci, mai miƙewa tsaye kamar wutsiyar kyarkeci, sannan duhu ya dawo. Wannan ba ya hana ci, ba ya halatta salla. Akwai na gaskiya, mai bazuwa a kwance ta gabas, shi ne wanda aya ta 187 cikin Baƙara ta rataya hukunci a kansa. Ai ko sahabi Adiyyu ɗan Hatimu, da ya ji ayar ta ambaci farin zare da baƙi, ya sa igiya fara da baƙa ƙarƙashin matashinsa yana duba, sai da Annabi (SAW) ya fahimtar da shi cewa hasken yini da duhun dare ake nufi. Balarabe ke nan da harshensa, to ina ga mu da Turanci?

Wanda ya ci har zuwa "dawn" ɗin digiri 6, ya ci da rana, sai ya rama. Ladanin yana kan daidai. Allah shi ne masani.