Bayan Dubiya: Haƙƙin Wanda Ya Tashi Daga Ciwon Daji a Wurin Aikinsa

Matafiyin da ya bar Gwagwalada ya miƙi hanyar Lokoja, kafin ya shiga Kwali zai ratsa ta wani ɗan gari da ake kira Sheda. Gari ne na manoma, amma gwamnatin tarayya ta zuba masa ma'aikatun ilimi: akwai Cibiyar Lissafi ta Ƙasa, akwai hedikwatar hukumar tsara manhajar karatu ta NERDC, sannan akwai Cibiyar Kimiyya da Fasaha ta Sheda wadda aka kafa da dokar soja a 1993. A nan ne, a 2006, aka ƙaddamar da wani ɗaki na musamman domin haska kayan abinci da kayan asibiti da hasken gama, mai fitowa daga sinadarin kobalt-60, don a kashe ƙwayoyin cuta da ƙwarin da ke ɓata su. Wannan sinadari shi ne wanda aka daɗe ana amfani da shi a asibitocin duniya wajen gashin ciwon daji.

Abin da ya ja hankalinmu ga wannan wuri shi ne irin hattarar da ake yi da lafiyar ma'aikaci a duk inda ake aiki da wannan haske. Ba a ganinsa, ba a jin ƙanshinsa, ba ya ƙuna a lokacin da yake ratsa jiki. Duk da haka ba wanda ke cewa tun da ido bai gani ba to babu shi. Ana gina katanga mai kaurin gaske, ana maƙala wa ma'aikaci ɗan ma'auni a ƙirji, ana rubuta abin da jikinsa ya ɗauka, kuma ƙa'idar duniya ta yanke iyakar da ba za a wuce ba a shekara. A Nijeriya har hukuma guda aka kafa, bisa dokar 1995, domin sa ido a kan wannan. Ke nan mun yarda cewa wajibin wurin aiki ne ya auna abin da ba a gani domin ya kare mai lafiya kada ya kamu. Tambayar da muke son mu yi ita ce: ina wajibinsa a kan wanda ya riga ya kamu, ya sha jinya, ya tashi, ya dawo ya tsaya a ƙofar ofis da takardar sallama daga asibiti a hannunsa?

Mu Hausawa ba a fi mu dubiya ba. Idan abokin aiki ya kwanta, za a yi karo-karo, a cika mota a tafi asibiti, a kai lemo da ayaba, a yi addu'a, a sa wa mai jinya wani abu a ƙarƙashin matashi. Ranar da ya dawo kuwa sai barka da arziki, sai sannu, sai Allah ya ƙara sauƙi. Daga nan sai a rufe babi. A tunaninmu ciwo yana da farko yana da ƙarshe kamar zazzaɓi, wanda ya tashi ya tashi ke nan. Ciwon daji ba haka yake ba, kuma a nan ne ɗabi'armu mai kyau take tsayawa a rabin hanya.

Mu ƙaddara wata ma'aikaciya, mai buga takardu a ɗaya daga cikin ofisoshin da ke kan wannan hanya, wadda aka yi wa aikin mama, aka ƙara mata maganin kemo ta jijiya wata da watanni, sannan ta yi makonni tana zuwa gashi kwana biyar a kowane mako. Likita ya ce ba a ga sauran ciwon ba. Amma idan an cire mata kaluluwar hammata, hannunta na iya kumbura duk lokacin da ta ɗauki kaya mai nauyi. Wasu magungunan kemo suna barin yatsu da dindiris, sai maɓallin kwamfuta ya zama abin lalube. Akwai mantuwa da rashin tattaruwar hankali. Akwai ƙwayar da za ta iya ci gaba da sha har shekara 5 ko 10, da ranakun komawa asibiti a duba ta. Uwa uba akwai gajiya, ba irin wadda barci ke kawarwa ba, wadda kan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru. Namijin da aka yi wa aikin mafitsara shi kuma yana iya fama da riƙe fitsari, ya zama zaman taro na awa uku azaba ne a gare shi, kuma kunya ba za ta bari ya faɗa ba. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke bayyana a fuska. Ga mayafi ya rufe tabo, ga ɗankwali ya rufe gashin da ya zube.

Hanya biyu muke zaluntar irin wannan baiwar Allah, kuma dukansu da kyakkyawar niyya muke fara su. Ta farko ita ce mu ce ai ta warke, mu jibga mata duk aikin da ya taru, idan ta gaza mu fara raɗa cewa ta mai da ciwo hanyar hutu. Ta biyu ta fi wuyar ganewa domin rigar tausayi take sanye da ita. Sai a ɗauke mata kowane aiki mai ma'ana, a daina sa sunanta cikin masu zuwa kwas, a tsallake ta ranar ƙarin girma, a bar ta da tebur da kujera da sannu. Ba wanda zai furta, amma abin da ke zukata shi ne ba a san ko za ta kai baɗi ba, don me za a yi asarar horo a kanta. Mun yi mata makoki tana raye. A ganinmu wannan ta biyu ta fi muni, domin ta farko ƙarfinta kawai take ci, wannan kuwa mutuncinta take ci, kuma ba ta da bakin ƙorafi tun da kowa kirki yake yi mata.

Dalilin wannan tsoro ba boyayye ba ne. Ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta duniya na 2022 ya nuna sababbin masu kamuwa a Nijeriya sun haura 127,000, waɗanda suka rasu kuma sun kusa 80,000. Yawancin mutane sai ciwo ya ci jiki suke isa asibiti, saboda haka abin da jama'a suka fi gani shi ne jana'iza. Sunan da muka ba ciwon ma, na daji, yana ɗauke da tsohon zaton cewa daga wata duniya ya fito. Har yanzu akan sami mai ƙyamar shan ruwa da kofi ɗaya da wanda ya yi ciwon, alhali ba a ɗaukarsa ta cuɗanya, kuma wanda aka yi wa gashi da na'ura daga waje ba ya fita da hasken a jikinsa. Sai dai fa adadin masu tashi zai ƙaru matuƙar ana gano ciwon da wuri ana kuma samun magani, kuma tun 2021 aka fara asusun tallafa wa masu ciwon mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza. Duk wanda aka ceto a asibiti, wata rana wurin aiki zai nufa, domin jinyar ta cinye gona da fili da adashi.

Me doka ta tanada? Dokar Ƙwadago ta ba ma'aikacin da ta shafa kwana 12 na aiki a shekara da albashi idan likita ya shaida rashin lafiyarsa. Mai karatu ya auna kwana 12 da watannin kemo. Ma'aikatan gwamnati suna da ƙa'idojinsu da suka fi haka sauƙi, amma ƙarshensu kwamitin likitoci ne da zai ce mutum ya iya aiki ko bai iya ba. Dokar diyya ta 2010 kuma ta tsaya ne a kan rauni ko cutar da aiki ya jawo. Ke nan ƙofa biyu aka gina, ta mai lafiya da ta wanda ya gaza, alhali mutumin da muke magana a kansa a tsakaninsu yake tsaye.

Wannan tsakani shi ne fagen likitan ma'aikata. A 1700 wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya shawarci likitoci su riƙa tambayar majinyaci sana'arsa. Yarjejeniya ta 161 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1985, ta sa daidaita aiki da ƙarfin ma'aikaci cikin ayyukan wannan fanni. A Birtaniya dokar 2010 ta ɗauki mai ciwon daji a matsayin wanda ya cancanci kariya tun daga ranar da aka gano ciwon, ta kuma wajabta wa mai ba da aiki yin gyare-gyaren da hankali zai ɗauka. A Holan mai ba da aiki yana biyan aƙalla kashi 70 cikin 100 na albashi har shekara 2, kuma shi da ma'aikacin suna tsara yadda za a dawo bisa shawarar likitan kamfani. Ba mu ce mu kwafi Holan ba, aljihunmu ba ɗaya ba ne. Amma yawancin gyare-gyaren ba kuɗi suke ci ba: a fara da rabin yini a riƙa ƙarawa, a ɗauke ɗaukar kaya a bar aikin tunani, a matso da tebur kusa da makewayi, a daina ƙirga ranar asibiti a matsayin fashi. Masu aiki da kobalt-60 sun san ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk bayan shekara 5 da 'yan watanni, kuma ba sa zubar da shi don haka, lissafin lokaci suke sakewa.

Amfanin likitan ma'aikata na biyu shi ne rufin asiri. Shugaban ofis ba ya bukatar sanin wace gaɓa aka yanke. Abin da yake bukata shi ne a ce masa wannan ma'aikaciya kada ta ɗaga kaya, kuma ta tashi da azahar har wata uku. Idan babu wanda zai tsaya a tsakani, dole mace ta zaɓi ɗaya: ko ta kwance wa namijin da ba muharraminta ba sirrin jikinta, ko ta yi shiru ta sha wuya. Mun san wanda yawancin matanmu za su zaɓa.

Akwai mai cewa, kuma yana da gaskiyarsa, aikin da aka sauke wa wani a kan wani yake sauka. Abokiyar aikin da ke raba dare tana ƙarasa takardun mutum biyu ita ma tana da 'ya'ya da hawan jini. Mai ɗan shagon da ke da yara uku ba zai iya biyan wanda ba ya aiki wata shida ba. Ba mu da amsar da za ta share wannan gaba ɗaya. Abin da muke iya cewa shi ne nauyin yana zama zalunci ne idan aka bar shi ya faɗa kan wanda ya fi kowa kunya, ba tare da an ambata ba, ba tare da wa'adi ba. Idan aka zauna aka ce ga abin da za a rage, ga wanda zai ɗauka, ga ranar da za a sake dubawa, to ya zama gayya, kuma mai zuwa gayya ya san gonarsa na kan layi. Wanda ya fi ƙarfin ƙaramin mai shago kuwa, na inshora ne da hukuma.

Duk wannan magana a kan masu albashi muka yi ta, kuma su ne 'yan kaɗan. A bayan katangun ma'aikatun Sheda akwai matan Gbagyi, 'yan'uwan Ladi Kwali mai tukwane da ke bayan takardar naira 20, waɗanda al'adarsu a kafaɗa suke ɗaukar itace da doya. Idan ɗayarsu ta dawo daga aikin mama da kumburarren hannu, ba ta da shugaban ofis da za a rubuta wa takarda, ba ta da ko kwana 12 ɗin. Likitan da ya sallame ta zai ce kada ta ɗauki kaya mai nauyi, ita kuma za ta ce to, ta hau mota ta koma gida, ta tarar lokacin haƙar doya ya yi.