KA JA WA SORONKA RAWANI

28 ga Afrilu

Karatun yau: Maimaitawar Shari'a 22:8, Matiyu 4:5-7, Nehemiya 4:7-9
Ayar haddacewa: Karin Magana 22:3

 Wataƙila kana karanta wannan shafi da gaggawa, kayan aikinka suna jira a bakin ƙofa. Ko kai birkila ne, ko kafinta, ko mai walda, ko mai haɗa wayar lantarki, ko lebura mai ɗaukar kwanon kankare, ko mai shiga rami neman kuza ko zinariya, ko kuwa kai ne ɗan kwangilar da yake biyan waɗannan duka, maganar yau taka ce. Ke ma 'yar'uwa mai ɗaukar yashi da fasa tsakuwa, da ke da mijinki ko ɗanki yake wannan sana'a, ki kasa kunne. Ranar 28 ga Afrilu ce Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta keɓe don tunawa da lafiyar ma'aikata a wurin aiki, amma tun kafin a yi wata ƙungiya Ubangiji ya riga ya yi magana a kan wannan.

A cikin karatunmu na farko, Allah ya umarci duk wanda ya gina sabon gida a Isra'ila ya kewaye bakin rufinsa da 'yar katanga. Rufin gidajensu shimfiɗaɗɗe ne kamar soron ƙasa, ana hawa a sha iska, a shanya amfanin gona, a yi addu'a. Wannan 'yar katanga ita ce maginan ƙasar Hausa suke kira rawani. Dalilin da Ubangiji ya bayar shi ne, idan wani ya faɗo ya mutu saboda babu ita, alhakin jininsa yana kan gidan. Ka lura da kyau. Allah mai iko ne ya aiko mala'ika ya tare duk wanda ya zame. Duk da haka a hannun mai gida ya sa aikin. Haka kuma a Fitowa 21:33-34, wanda ya haƙa rami ya bar shi a buɗe har dabbar wani ta faɗa, shi ne zai biya. Idan Allah ya damu da jakin maƙwabci haka, ina ga yaron da yake yi maka aiki?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakinmu, mu masu bi. Na taɓa tsayawa a wurin wani gini inda wani saurayi daga cikin mawaƙan ikilisiya yake aiki a hawa na uku. Yana tsaye a kan katako guda ɗaya, silifas a ƙafa, babu hular kwano, babu igiya a ƙugu. Da ya sauko na tambaye shi, sai ya yi murmushi ya ce, “Baba, ai ni a rufe nake da jinin Yesu.” Na san da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma na ce masa ya buɗe Matiyu sura 4, mu ga wane ne ya fara ba da irin wannan shawara.

Iblis ne ya kai Ubangijinmu Yesu kan ƙololuwar Haikali, ya ce ya yi tsalle ya faɗo. Har ya kawo masa aya daga Zabura 91, inda aka yi alkawarin tsaron mala'iku. Alkawarin gaskiya ne, Yesu kuma Ɗan Allah ne. Amma bai yi tsalle ba. Ya amsa da cewa an hana mutum ya gwada Ubangiji Allahnsa. Ka san daga ina ya ɗauko wannan amsa? Daga Maimaitawar Shari'a 6:16, wato littafin nan da ya ce a ja wa soro rawani. Saboda haka idan ka hau sama ba kariya kana karanta Zabura 91, ka tambayi kanka muryar wa kake bi. Jinin Yesu ya fanshe mu daga zunubi da hallaka ta har abada, Haleluya! Abu mai tsarki ne, bai kamata mu mai da shi hujjar ganganci ba.

Dubi Nehemiya, wanda shi ma shugaban magina ne. Sa'ad da suke gyaran garun Urushalima abokan gaba suka ƙulla za su auka musu. Nehemiya ya tara mutane suka yi addu'a ga Allah, suka kuma sa masu tsaro dare da rana. Duka biyun suka yi, a aya ɗaya. Wanda ya yi addu'a da safe, sa'an nan ya gwada ƙarfin tsaninsa kafin ya hau, bangaskiyarsa ba ta ragu ba. Yana bin sawun Nehemiya ne.

To, mene ne rawaninka a wurin aiki? Bari mu kira abubuwa da sunansu.

Idan kana aiki a sama, rawaninka shi ne katakon tsayawa mai faɗi wanda aka ɗaure da kyau, da shinge a bakinsa, da igiyar ƙugu da aka ɗaura a wuri mai ƙarfi, da hular kwano gare ka da na ƙasa da kai. Bulo ɗaya da ya kuɓuce daga hawa na biyu ya isa ya mai da mace gwauruwa.

Idan kana haƙa tushen gini ko magudanar ruwa ko ramin ma'adinai, ka sani ƙasa mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, nauyinta ya wuce tan guda. In ta rufto wa mutum har ƙirji, numfashi yakan gagare shi ko da kansa yana waje. Ramin da ya kai ƙirjinka yana bukatar a tokare bangonsa ko a kwantar da gefensa, kuma kada a tara ƙasar da aka fitar a daidai bakinsa. Bayan ruwan sama ƙasa takan jiƙe ta yi nauyi ta saki. A watan Yuni na 2024, a Galkogo cikin ƙaramar hukumar Shiroro ta jihar Neja, ramin ma'adinai ya rufta da ma'aikata bayan an yi ruwa mai yawa. Damina tana ƙofa, ɗan'uwa. Kada ka shiga rami washegarin ruwa don kawai jiya ka ga alamar arziki.

Idan kai mai haƙar rijiya ne ko mai yashe masai, maƙiyinka ba a ganinsa. Iskar ƙasan rami tana iya rasa abin da jiki yake bukata, kuma hayaƙin janareta ko injin jan ruwa yana ɗauke da guba marar wari marar launi. Kada a kunna inji a cikin rami ko a bakinsa. Kada kowa ya shiga sai da igiya a jikinsa da mutane a sama. In wani ya suma a ciki, kada ka faɗa bayansa haka kawai. Sau da yawa gawa ɗaya takan zama biyu ko uku ta haka. A jawo shi da igiya, a nemi taimako.

Mai walda, tabarau na gayu ba ya tare hasken walda. Ka nemi na aikin. Mai wayar lantarki, ka kashe wuta da hannunka, ka gwada ka tabbata, kada ka dogara da cewa an ɗauke wuta, gama ana iya kawo ta ba sallama, ko maƙwabci ya tayar da janareta. Mai fasa dutse, ƙurar dutse takan taru a huhu shekara da shekaru ta yi tabon da ba ya warkewa; ka jiƙa wurin da ruwa, ka sa takunkumi mai kyau. Mai Hadishi 10:9 ya riga ya gargaɗi mai fasa duwatsu da mai faskare cewa sana'arsu tana iya yi musu rauni.

Kada ka ce jikinka ne, ba ruwan kowa. Jikinka haikalin Ruhu Mai Tsarki ne, an saye ka da tamani. Kuma haɗarin aiki yakan bi mutum har gida. A 2010 aka gano cewa gubar dalma tana kashe yara a ƙauyukan Zamfara, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Ana kawo duwatsun zinariya cikin gida ana niƙawa, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara suke rarrafe suna sa hannu a baki. Yara wajen 400 suka mutu. Iyayen nan abinci suke nema wa 'ya'yansu, ba su san abin da ke cikin dutsen ba. Kai yanzu ka sani. Kada ka kai dutsen ma'adinai gida. Ka yi wanka ka sauya tufafi kafin ka ɗauki jaririnka.

Yanzu gare ka, maigida, ɗan kwangila, injiniya, da kai dattijon da ke cikin kwamitin ginin majami'a. Ayar ta ɗora alhakin a kan mai ginin. Idan ka rage siminti, ka sayi siririn rodi a maimakon wanda aka rubuta, ka sa a cire tokaran dekin tun kankare bai yi ƙarfi ba, alhali ana lissafa cikar ƙarfinsa ne a kwana 28, to kana haƙa wa wani kabari. A ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi, Legas, ya rushe, mutum fiye da 40 suka mutu, da yawansu ma'aikata ne da suka fito neman na abinci. A Disamba 2016 rufin wata majami'a a Uyo ya rufto a kan masu sujada. Rubuta sunan Yesu a jikin gini ba ya ƙara wa rodi kauri. Kafin mu ce maƙiya ne daga ƙauye, mu fara ƙirga buhunan siminti, gama sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Zakar da ka kawo daga kuɗin hular kwanon da ka hana leburori, Allah ba ya murna da ita. A Nijeriya akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, domin wanda ya ji rauni ko iyalin wanda ya mutu su sami abin riƙewa. Mai bi ne ya kamata ya riga kowa cika wannan.

Na san abin da ke zuciyar mai aikin yini. Kana cewa, “In na ƙi hawa, gobe wani za a ɗauka, yara kuma me za su ci?” Wannan tambaya mai nauyi ce, ba zan raina ta ba. Amma a nan ne ainihin wurin da ake bukatar bangaskiyarka. Hawa ruɓaɓɓen katako ba ya bukatar Ruhu Mai Tsarki, kowane mai ganganci yana iyawa. Abin da yake bukatar ikon Ruhu shi ne ka dubi maigida cikin ladabi ka ce, “Ranka ya daɗe, a gyara wannan tukuna, sai in hau,” kana dogara cewa Uban da yake ciyar da tsuntsaye ba zai bar ka ba. Yesu ya koya mana a Matiyu sura 6 cewa rai yana gaba da abinci. Kuɗin yini ɗaya ana iya mayar da shi, ƙashin baya kuwa in ya karye ya karye. Ku haɗa baki ku da abokan aiki ku yi magana tare, gama korar mutum ɗaya ta fi korar goma sauƙi. Mu kuma ikilisiya, in ɗan'uwa ya rasa aiki don ya ƙi sayar da ransa, hakkinmu ne mu kai masa mudun hatsi, mu nema masa wani aikin.

Kai kuma da ka riga ka ji rauni, ko ke da kika binne miji ko ɗa, kada kowa ya ɗora miki nauyin cewa zunubi ne ko la'ana. A Luka 13:4 Yesu ya yi maganar mutum 18 da hasumiya ta faɗa a kansu a Siluwam, ya ce ba su fi sauran mazaunan Urushalima laifi ba. Ya san zafin da kuke ji, shi da kansa ya yi aikin hannu a Nazarat. Ya kuma yi amfani da wannan labari ya kira kowa ga tuba. Ko da ka kiyaye dukan ka'idodi, ranka a hannun Allah yake. In ba ka ba da shi ga Yesu ba tukuna, yau ce ranar.

Abin yi yau: Kafin ka taɓa kayan aiki, ka tsaya minti biyar. Ka yi addu'a, sa'an nan ka zagaya wurin da idonka. Ka nemo abu ɗaya da zai iya kashe mutum ko ya naƙasa shi, ka gyara ko ka faɗa wa mai iko. Ka duba yaron da yake koyon aiki a hannunka, gama shi ba zai iya buɗe baki ya ƙi ba.

Addu'a: Ya Uba na sama, na gode maka domin ƙarfin hannu da sana'ar da ka ba ni. Ka gafarta mini inda na gwada ka da ganganci na kira shi bangaskiya. Ka gafarta mini inda son riba ya sa na jefa ran wani cikin haɗari. Ruhu Mai Tsarki, ka buɗe idona in hango masifa tun daga nesa, ka ba ni ƙarfin hali in yi magana. Na tsauta wa ruhun gaggawa da haɗama a wurin aikina. Ka tsare fitata da shigata, ni da abokan aikina, mu koma wurin iyalanmu lafiya. Ka ta'azantar da gwauraye da marayu, ka warkar da masu rauni. A cikin sunan Yesu Almasihu na roƙa. Amin.