Kantin da ke Kallon Ka'aba

Duk wanda Allah Ya nufa da Hajji ko Umra a shekarun nan ya san benen agogon nan na Makka, Abrajul Bait. Tsawonsa mita 601, an kammala shi a 2012, a wurin da ganuwar Turkawa ta Ajyad take kafin a rushe ta a 2002. A ƙasansa akwai katafaren kanti hawa-hawa, ƙofarsa tana fuskantar Ƙofar Sarki Abdul'aziz ta Harami. Na shiga, na zaga, na yi sayayya. Tambayar da nake so mu duba ita ce: me irin wannan wuri yake yi wa zuciyar baƙo, kuma ina iyakar halal ɗinsa?

Mu fara da adalci. Ciniki a lokacin ibada ba laifi ba ne. Ukaz da Majanna da Zul-Majaz kasuwannin Larabawa ne tun jahiliyya, kuma Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa da Musulunci ya zo sai mutane suka ji tsoron yin ciniki a lokacin Hajji, aya ta 198 ta Suratul Baƙara ta sauka ta ɗauke musu wannan ƙunci. A Suratul Furƙan ma kafirai ne suka aibata Annabi (SAW) da cewa yana shiga kasuwa. Shi kansa benen agogon wakafi ne na Harami. Saboda haka mai cewa shiga wurin haramun ne, sai ya kawo hujja.

To amma me ya sa hadisin Muslim ya nuna masallatai su ne mafi soyuwar wurare a wajen Allah, kasuwanni kuma mafi ƙi? Ni ɗan Ƙofar Ruwa ne, kuma kasuwarmu ta taimaka mini wajen gane wannan. Babu mai zuwa Ƙofar Ruwa shan iska. Magini ya zo sayen rodi ko kwano, makanike ya zo neman kayan gyaran mota, ga rana ga ƙura ga ƙarar ƙarfe. Ya zo da buƙatarsa daga gida, ya biya, ya kama gabansa. Kantin zamani kuwa akasin haka aka gina shi. Ka shiga ba ka neman komai, sanyi ya buge ka, ƙamshin turare ya tare ka, matakala ta ɗauke ka ba tare da ka ɗaga ƙafa ba. Kafin ka fito an dasa maka buƙata biyar da ba ka kwana da su ba. Kasuwarmu tana cin kuɗinka ne idan ka zo da larura. Waccan kuwa zuciyarka take fara saye, kuɗin su biyo baya.

A Dubai abin ya fi haka. Dubai Mall da aka buɗe a 2008 yana da shaguna sama da 1,200, kusa da Burj Khalifa mai mita 828. Akwai masallatai a ciki, ana jin kiran salla, kuma wannan abin yabo ne. Sai dai kiran salla a lasifika ba ya tsayar da ƙafar kowa, mutum ne zai tsayar da kansa.

A Makka asarar ta fi ciwo, domin lissafin a fili yake. Salla ɗaya a Harami ta fi salla dubu ɗari a waninsa, kamar yadda Ahmad da Ibn Majah suka ruwaito. Mutum ya yi shekaru yana tara kuɗin kujera, wani gona ya sayar, wata kuma sarƙarta. Kwanakin Makka ƙidayayyu ne. Amma wallahi za ka ga alhaji tsakanin Magariba da Isha yana zagaya shaguna yana ɗaukar hoto, Ka'aba tana nan taku kaɗan. Jallabiya da carbi da darduma duk akwai su a Kano. Ɗawafi fa? A ina za ka same shi idan ka dawo?

Mu da muke gida ma muna da hannu a ciki. Mun mayar da tsaraba kamar haraji. Hajiya tana Arfa amma zuciyarta tana kan jerin sunayen dangi da maƙwabta, wa zai ji haushi idan bai samu ba. Wani har bashin riyal yake ci a can, ya dawo ana kiransa Alhaji, shi kuwa yana ɓuyar masu binsa. Jama'a, mu sauƙaƙa musu. Dabino ɗaya da kurɓin zamzam da addu'a sun wadatar.

Akwai kuma wata cuta da ake dawowa da ita, wato raina gida. Mutum ya ga tayil yana sheƙi, ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, komai na garinsu ya zama abin kunya, har matarsa da ɗakinsa. Annabi (SAW) ya umarce mu da duban na ƙasa da mu a harkar duniya don kada mu raina ni'imar Allah. Idan lallai za ka dawo da wani abu, dawo da tsafta, da farashi ɗaya ga kowa, da wurin salla na mata a kasuwa, da faɗin gaskiya tsakanin kaya mai kyau da jabu. Waɗannan ba sa buƙatar bene mai hawa ɗari, a rumfar kwano ma ana iya yin su.

Shawarata ga mai shirin tafiya: rubuta abin da za ka saya tun daga gida, ka ware masa kuɗi da lokaci guda, bayan ka gama ibadarka. Idan an kira salla, ajiye kayan ko da ana tsakiyar ciniki. Mutanen da Suratun Nur ta yaba 'yan kasuwa ne, abin da ya bambanta su kawai shi ne ciniki bai shagaltar da su daga ambaton Allah ba.

Allah Ya sa mu cikinsu, Ya karɓi ibadar alhazanmu, Ya kai waɗanda ba su je ba. Amin.