SHIN TSUFAN WAƘA YANA HALATTA TA?

Tun kafin rediyo ya shigo ƙasar Hausa, kusan kowace sana'a tana da kiɗanta. Mahauta suna da kalangu, maƙera suna da dundufa, manoma kuwa in an yi gayya sai makaɗa su bi su kunya-kunya, suna zuga wanda ya yi gaba, suna yi wa rago zambo. Mata ma ba su niƙa ko lugude baki shiru. Da rediyo da kaset suka zo, sai tela da direba suka sami abokan hira a bakin aiki, irin su Alhaji Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Anace da Ɗan Maraya Jos. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015, amma har yau akwai dattijon da in ya ji sautin kuntigi sai idonsa ya ciko da ƙwalla.

To, ga abin dubawa. Sau da yawa wannan dattijo shi ne zai ga ɗansa ya toshe kunne da waya yana aiki, ya ce zamani ya lalace, alhali shi ma ga Shata nan yana tashi a rediyonsa. Shin waƙar da halal ce don ta tsufa, ta yanzu kuwa haram don sabuwa ce?

Waƙa a bakin aiki tana da asali. Lokacin gina ramin Handaƙu, a shekara ta 5 bayan Hijira, Sahabbai suna haƙa suna rera baitoci, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana amsa musu. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Anjasha, wanda ya ke yi wa raƙuma waƙa su ƙara sauri. Annabi bai hana shi ba, sai dai ya umurce shi ya sassauta saboda matan da ke kan raƙuman. Ashe ke nan an yarda da waƙar, an kuma sa mata iyaka. Waɗannan kuwa murya ce zalla. A kan kayan kiɗa ne malamai suka saɓa. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun tsananta, mai Risala ya hana sauraren kayan wasa da waƙe-waƙe da gangan, Ibn Hazmi ya halatta, Imamu Gazali kuwa a cikin Ihya'u ya duba halin mai sauraro da abin da waƙar ta ƙunsa. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya sa shekarun waƙa a cikin ma'auni. Wanda ya bi masu hanawa, to, kalangun Shata ma ya shiga ciki. Wanda ya bi masu sauƙaƙawa, ba shi da hujjar sauƙaƙa wa kansa ya ƙuntata wa ɗansa.

Begen abin da ya wuce ba laifi ba ne. Sayyidina Bilal, da zazzaɓi ya kama shi a Madina, baitocin begen kwarurukan Makka ya riƙa rerawa. Da labari ya kai ga Annabi, bai zarge shi ba, sai ya roƙi Allah Ya sa musu son Madina kamar yadda su ke son Makka ko fiye. Sai dai bege mugun alƙali ne. Galibi abin da dattijo ke kewa shi ne ƙuruciyarsa, da ƙarfinsa, da abokan da ƙasa ta rufe, waƙar kuwa ita ce kawai ta rage daga cikinsu. Don haka ya kan manta cewa a waƙoƙin da ma akwai yabon mashaya, da zambon da ya zubar da mutuncin bayin Allah, da kirarin ƙarya don neman abin duniya, kamar yadda akwai gargaɗi da hikima. Na yanzu ma haka su ke, da tsaba da ƙaiƙayi.

Saboda haka ma'auni ɗaya ya kamata a aza wa duka biyun. A duba kalmomin: mutum zai iya maimaita su a gaban iyayensa? A duba abin da waƙar ke tayarwa a zuci, himma ce ko sha'awa. A duba kuma abin da ta ke hanawa. Kiɗan gayya yana ƙarewa in an tashi daga gona, amma na waya ba ya gajiya, ya kan rufe kiran salla da sallamar maƙwabci, ya kan ɗauke hankalin direban da rayukan mutane ke hannunsa. Aikin da aka karɓi lada a kansa amana ne, duk abin da ya tauye shi ya tauye halaccin abincin mai shi.

Uban da ya fara auna abin da ke cikin rediyonsa, shi ne ɗansa zai saurara wa in ya yi magana a kan abin da ke cikin waya. Allah Ya sa a dace, amin.