Mutanen Taya da Hatsin Sarki

Ɗan'uwa mai karatu, in ka buɗe Ayyukan Manzanni sura 12, aya 20, za ka tarar da mutanen Taya da na Sidon. A Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, ana ce wa mutumin Taya "Turiyos". Sau ɗaya tak kalmar nan ta fito cikin Sabon Alkawari, kuma zancen abinci ne ya kawo ta.

Taya birni ne na ƙasar Finikiya a bakin Bahar Rum. Yau ana kiransa Sur, a ƙasar Lebanon. Mutanensa fatake ne masu jiragen ruwa da dukiya, amma gonakinsu ba su isa su ciyar da su ba. Tun zamanin Sulemanu ake kai musu alkama da mai daga ƙasar Isra'ila. Rumbunsu yana hannun wani.

Ana nan sai Sarki Hirudus Agaribas ya yi fushi da su ƙwarai. Tsoron yunwa ya kama su. Suka haɗa kai suka tafi Kaisariya, suka bi ta hannun Bilastasa, sarkin fada, suna roƙon sulhu. A ranar da aka sa, cikin shekara ta 44 bayan haihuwar Almasihu, Hirudus ya yi ado, ya zauna a gadon sarauta, ya yi jawabi. Taron ya ɗauki kirari, wai wannan ba mutum ba ne ke magana, allah ne. Hirudus ya karɓi yabon. Nan take mala'ikan Ubangiji ya buge shi, tsutsotsi suka ci shi, ya mutu.

In baki ya ci, ido kan ji kunya. Mu da muka ga yunwar 1973 da ta 1984 mun san haka. In rumbu ya ƙare kafin kaka, ba laifi ba ne ka nemi rancen gero, kuma wajibi ne ka gode wa wanda ya ba ka. Amma kada ka yi shaidar zur dominsa, kada ka aurar masa da 'yarka saboda buhu biyu, kada ka bar sujada don ya ji daɗi. Shi ma ruwan sama yake jira kamarka. Kai kuma mai rumbu cike, ka ba da rance da tsoron Allah, ka tuna da Hirudus.

Bayan shekaru Bulus ya sauka a Taya, ya sami masu bi, ya kwana 7 tare da su. Da zai tashi suka raka shi, har da mata da yara, suka durƙusa a bakin teku suka yi addu'a. Waɗannan mutanen Taya sun san gaban wanda ake durƙusawa.

Yau da dare, kafin a sa hannu a tuwo, ka tara iyalinka ku gode wa Allah cikin sunan Yesu Almasihu. Shi ne mai ciyarwa. Amin.