Wa Ke Riƙe Da Rariyar?

Sunan hukumar ne ya fara tsaya min a rai, tun kafin aikinta. A Kano ana ce mata Hukumar Tace Fina-finai, an kafa ta a 2001. Wanda ya zaɓo kalmar "tace" ya san Hausa. Duk wanda ya ga ana tace gasara a gida ya san aikin alheri ne: mai kyau ya wuce, dusa ta tsaya a rariya, a kai wa awaki. Ka ga kalmar ta riga ta yanke hukunci tun ba a zauna shari'a ba, abin da aka tare dusa ne. Ba wanda ke tambayar mai tace koko hujjarta.

To, bari mu leƙa cikin rariyar. A 2007 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a. A shekarar aka ɗaure Adam A. Zango saboda faifan Bahaushiya. A ƙarshen 2008 aka yanke wa Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama ɗauri kan fim ɗin Tsintsiya, a 2009 kuma aka kama Aminu Ala kan waƙar Hasbunallahu. Ban raina tsoron iyaye ba. Uwar da ke fargabar abin da ɗiyarta ke kallo a waya ba azzaluma ba ce. Sai dai tsakanin a ce wa mawaƙi "ka yi kuskure" da a rufe shi a kurkuku akwai tafiya mai nisa. Na farko gardama ce, yana iya mayar da martani. Na biyun kuwa an rufe zancen.

Idan na kawo wannan magana a fada, ana shan shayi, amsa biyu nake samu. Ta farko: "Kai, mi hanin ya hana?" Da gaskiyarsu. Mu ƴan Ƙonni mun san iyaka. Abin da aka haramta a Kano yau, jibi ya ratso Sakkwato da Illela ta Najeriya, gata yana cikin wayoyin Malbaza da tamu Illelar. Hani ma talla ne.

Ta biyu ita ce ta fi damuna, don masu karatu ke yin ta. Wai takura ita ke wasa harshe, da ba don tsoron sarki ba da Bahaushe bai iya habaici da zambo ba. A wajenmu masu nazarin harshe maganar tana da daɗi, don habaici abin sha'awa ne: ka faɗi abu, kowa ya gane, amma ba mai iya riƙe ka da shi. Sai dai habaicin da mawaƙi ya zaɓa daban, wanda aka tilasta mishi daban. Kuma akwai abin da habaici ba ya iya ɗauka. Ba ya faɗin suna, ba ya faɗin shekara, ba ya faɗin mutum nawa suka mutu. Wanda ya san zancen ne kaɗai ke ganewa, in tsararsa ta ƙare ma'anar ta bi su kabari.

Garinmu shaida ne. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙona Birnin Ƙonni, ta karkashe mutane, bayan ta yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu. Labari irin wannan fili yake so, ba saƙo ba. Abdullahi Mamani, ɗan Sawaba, wanda ya sha gudun hijira ya kuma sha ɗauri zamanin Seini Kunce, ya fitar da littafinsa kan Sarauniya a 1980. Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar Fespako a 1987. Amma a Burkina aka ɗauke shi, zamanin Sankara, ba a ƙasar da abin ya faru ba. Mu nawa a ajinmu muka taɓa ganinsa?

Shi kansa Shehu Usmanu, da aka haifa a Marata kusa da Galmi, ya ga ranar da Sarkin Gobir Nafata ya hana almajiransa wa'azi. Rariya ta Sarki ce a lokacin, dusar kuwa su ne. Kowane mai mulki yana ganin hannunsa ne mai tsabta.

Waƙar da aka hana tana tsallake iyaka, na yarda. Wadda ba a rera ba fa? Wadda mai ita ya kai baiti na uku, ya tuna da gyatumarsa da kuɗin makaranta, ya yage takardar? Ita ba ta da hanyar Illela. Ba a kama kowa ba, ba a ƙona komai ba, hukuma ba ta ma san an yi ba.

Ku sake duba misalan da na kawo, ƴan uwa. Ko na ƙetaren iyaka ne, ko na waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. A takardar farko akwai wani sakin layi kan abin da ke faruwa a nan gida, a bana. Ba wanda ya kira ni, ba wanda ya ja min kunne. Ni na soke shi da hannuna, daren da za mu kai wajen mai fotokofi.